Ranar da kwamfuta ta ƙi sanin Alhaji

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta da ranar da aka tashe ni daga kan kwanon waina aka ce in ruga Jakara, kwamfuta ta haɗiye ƙungiya guda ba.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowace ƙungiya tana rubuta sunayen 'ya'yanta tana kai wa gwamnatin farar hula. Ni kuwa ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Ƙofar Mazugal, kuma ni ke kula da ta ofishin wata ƙungiyar dukawa da ke Jakara. Tsohuwa ce tukuf. In ka kunna ta, sai ka yi alwala ka yi nafila ka gaisa da maƙwabta kafin ta buɗe ido.

Na tarar da shugaban ƙungiyar, Alhaji Sabo, kwanansa uku da saukowa daga aikin Hajji, yana faɗa haƙorin Makka na walƙiya. Mataimakinsa Malam Ɗanjuma na gefe yana jan carbi. Kujerar mai buga takardu, Malama Hadiza, ba kowa.

Na ce, "Alhaji, ina Malama?"

"Na sallame ta! Wata biyu tana buga sunayen waɗanda za a ba rumfuna, jibi za a kai, yau mun kunna babu ko alif. Sharewa ta yi."

Matar nan da aikin nan take riƙe da marayunta, kuma ban taɓa ganin ta ɓatar da ko waƙafi ba.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, kwamfuta kamar babban gida take. Duk wanda aka buɗe wa suna a cikinta, sai ta ware masa ɗakinsa, wato folda mai sunansa, nan take tara takardunsa. In ka shiga da wani suna, ɗakin wani ka shiga. Wannan kuwa ni na saita ta da hannuna da sunan Malam Sabo, da shi Malama ke shiga kullum. Ina kunnawa sai ta tarbe ni da Alhaji Sabo.

"Alhaji, wa ya sa wannan sunan?"

"To da me za ta kira ni? In tsaya Arfa, in jefi Shaiɗan, sannan akwatin ƙarfe ya riƙa ce mini Malam?"

"Allah ya karɓa. Amma wa ya sa?"

Carbin Malam Ɗanjuma ya ƙara gudu. Da ƙyar ya ce, "Ni dai barka da sauka na yi masa. Kowa na kawo goro da turare, na ce bari in yi abin da ba wanda ya yi."

Ashe sabon suna ya buɗe, ya goge tsohon. Kuma yana zaune aka kori baiwar Allah, bai ce uffan ba! Wallahi hayaƙin da ya fita ta kunnena ya isa ya gasa tsire.

Sa'ar da aka yi, goge suna ƙofa kawai ya toshe, ɗakin bai rushe ba. Na shiga da sunan mai kula, wanda ke da mabuɗin kowane ɗaki, na buɗe babbar foldar da ke ɗauke da na kowa. Ga Malam Sabo nan a kwance lafiya lau.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata. "Au, har yanzu yana nan? Share shi!" Ya miƙo hannu.

Na kife a kan allon bugun kamar kaza ta ga shirwa. "Alhaji, don girman ɗakin da ka kewayo, janye hannunka. Dukawanka kaf suna cikin Malam ɗin nan."

Na buɗe, sunaye suka zubo reras. Na fara kwafe su a faifai na sa a aljihu, don ban yarda da kowa a ɗakin ba. Sannan na kwashe takardun zuwa wani ɓangare daban na ma'ajiyar kwamfutar, na yi musu folda da sunan ƙungiya, na nuna wa sabon sunan hanyar zuwa can. Na ce ko gobe aka naɗa Alhaji sarauta, takardu ba za su motsa ba.

Saura Malama, don akwai gyaran da ita kaɗai ta sani. Aka aika mata, ta ce a bainar jama'a aka kore ta, ba za ta dawo da saƙon baki ba. Haka Alhaji ya tattara babbar riga, ya sa Malam Ɗanjuma a gaba, suka bi lungu a ƙafa har zauren gidan su Malama suka ba ta haƙuri. Washegari ta dawo kujerarta, ko kallon mataimakin ba ta yi ba.

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan. In aka ce kwamfuta ta cinye aiki, kada ku fara kwance ƙusa, kuma kada ku yarda a kori na ƙasa. Ku dubi ɗakin tukuna, ku ga wa ya fi kowa shiru.