Baƙuwar da Muka Share wa Famfo

Karatuna bai wuce firamare ba. Na fito lakkol a Djougou da Faransanci daidai na karanta takardar magani, na koma Parakou na buɗe shagon kayan babur a Guéma. Amma a ƙungiyar 'yan unguwarmu wannan ɗan karatun ya isa a naɗa ni magatakarda. Shi ya sa da wata ƙungiyar agaji, ONG, ta ce za ta koya wa ƙananan ƙungiyoyi yadda ake neman tallafi, ni aka tura.

A wani ɗaki a unguwar Kpébié, nan Parakou, aka yi horon. Mai koyarwar ya zana akwatuna a allo, ya haɗa su da kibiyoyi, ya ce sunan abin kadar lojik. Akwatin farko abin da za a ba ku, na biyu abin da za ku yi da shi, na uku abin da zai fito, na ƙarshe yadda duniya za ta gyaru saboda ku. Kibiya ba ta ratse, ba ta komawa baya. Na ɗaga hannu na tambayi inda ake rubuta in Allah ya yarda. Ya ce akwai ɗan akwati a gefe na abubuwan da ka iya ɓata aiki, in sa a can.

Wannan na gefen kamar don ni aka yi shi. Na rubuta cewa motar haƙa tana iya kafewa a hanya, ruwa yana iya fitowa da gishiri, mai gyara yana iya rasuwa. Da na karanta wa Kawu, ƙanin mahaifiyata kuma shugaban ƙungiyar, sai ya ajiye goronsa.

"Kai ɗan nan, takardar neman ruwa ce ko ta ta'aziyya? Goge. Ba a kira wa kai masifa da alƙalami."

Na goge.

Abin da muke nema famfo biyu ne a unguwarmu ta bayan kasuwa a Djougou, inda rijiya take ƙafewa da rani. Masu tallafi suka ce za su yi ɗaya tukuna, daga baya su turo mai duba aiki. In ya ga har yanzu da buƙata, su yi na biyu. Suka kuma ce mu rubuta alamar da za a gane aiki ya yi kyau. Na yi ta juya maganar har na rasa sha'awar abinci, don kada in rubuta abin da zai zama ƙarya a kaina. A ƙarshe na rubuta: layin mata a wurin ɗiban ruwa ya ragu.

Famfo ya zo, ruwa ya fito garau, layi kuma ya ninka. Kakanninmu fataken goro ne, kuma a unguwar fatake ba a hana matafiyi ruwa. Direbobin manyan motoci suka gano wurin, Fulani masu tallan wagashi, cukun nono, suka gano shi, unguwannin maƙwabta ma haka. Yayata ta kira ni a waya ta ce, "Magatakardan ruwa, bidon ruwana yana layi tun asuba. Ya fi ni sanin labarin unguwa."

Ni kuwa a raina na ce alhamdu lillahi. Duk mai ido ya ga wannan layi ya san famfo ɗaya bai isa ba.

Da aka sanar da mu ranar zuwan mai duba aikin, aka ce mace ce, na rufe shago na hau mota zuwa Djougou ana gobe za ta iso. Na tarar Kawu ya riga ya tara dattawa sun yanke shawara. Kowane gida ya cika randunansa yau. Gobe kada a ga bido ko ɗaya a wurin. An wanke famfon da sabulu, an shafa wa dakalinsa farar ƙasa, an aika wa direbobi su yi haƙuri.

Na durƙusa na ce, "Kawu, layin nan fa shi ne hujjarmu."

"Baƙuwa ta taso daga nesa, ka nuna mata matanka suna zage-zage a kan bokiti? Wa ke shimfiɗa wa baƙo tsummansa? Iyayenmu masu masauki ne, ba mabarata ba."

"Amma takardar ta ce..."

"Takarda ce ta haife ka?"

Madam ta iso da hantsi, mace mai fara'a, da alamar gajiyar hanya, tana riƙe da akwatunanmu a takarda. Aka ba ta kujera a inuwa, aka ajiye mata goro a faranti. Ta ce za ta zauna ta ga yadda ake amfani da famfon. Muka zauna tare da ita. Famfo yana ta ƙyalli. Har rana ta take ba wanda ya zo sai wata akuya, ita ma wani dattijo ya kore ta.

Sai ta nemi a kira mata mata, ni ne tafinta. Ta tambayi wata tsohuwa ko har yanzu suna wahalar ruwa.

Tsohuwa ta ce, "Sai godiya, 'yar nan. Allah ya saka muku."

Ta juya ga yayata, wadda bayanta ke ciwo saboda ɗiban jiya.

Yayata ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau muke. Babu komai."

A wurinmu ko gidanka na cin wuta haka za ka amsa wa baƙo. Na yi tunanin in ƙara wa fassarar gishiri, sai na tuna tafinta amana aka ba shi. Na faɗa mata yadda suka faɗa. Da za ta shiga mota na matsa kusa, na yi ƙasa da murya na ce da Faransanci, kullum layin nan har ƙofar masallaci yake kaiwa.

Ta yi murmushi ta ce, "Duk garin da na je, haka magatakarda yake raɗa mini a bakin mota. Ni abin da ido ya gani nake rubutawa." Ta ɗora yatsa a kan akwatin. "Ba kai ka rubuta wannan alama ba?"

Na ce ni ne.

Bayan wani lokaci amsarsu ta zo, na kai wa Kawu na karanta masa a zaure. Farkonta yabo ne: ba su taɓa ganin aikin da ya ci nasara kamar namu ba, layi ya ɓace gaba ɗaya. Kawu ya gyara zama yana duban dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sai na karanta ƙarshenta: tunda buƙata ta biya, an ba wani gari famfo na biyun.

Daga waje ana jin mata suna gardamar wadda ta riga wata.

Kawu ya shafa gemu, sannan ya ce, "To, rubuta musu. Ka ce ta dawo ta sake dubawa da kyau."

Na ɗauko biro da murna.

"Kuma ka ce su sanar da mu da wuri," in ji shi, "don a samu a shirya mata. Wancan karon ko rago ba mu yanka ba."