Rasidin Malam Gudaji

Shekara talatin Malam Gudaji ya yi yana yi wa shanu allura a ƙasar Gumel, daga Gagarawa har bakin iyaka, kafin ya ajiye aiki ya koma Sule Tankarkar. Mutum ne mai tsantseni da takarda, ko ta ƙunshin goro ba ya yarwa sai ya duba bayanta.

Sau ɗaya tak ya yi sakaci. A shekarar fari, shanun maƙwabcinsa Cindo suka ƙare ƙaf, ya ce zai tafi Kudu neman abin da za a ci. A lokacin kuwa, wanda ba shi da rasidin haraji ba ya wuce tasha lafiya. Gudaji ya zaro nasa daga hula ya miƙa masa.

Bayan shekara, ya lura ana yankar haraji a fanshonsa, alhali ya biya a hannun dagaci. Ya tafi ofis a Gumel neman a mayar masa. Akawu ya ce sai da rasidi, ya jawo fayil ya buɗe, sai ga wata takarda a ciki.

"Baba, ai rasidinka yana nan. A aljihun gawa aka same shi, a motar da ta faɗi a hanyar Kudu bara. Da sunanka aka binne mutumin."

Gudaji ya kalli takardar. Ninkinsa ne, har da jirwayen zufar hularsa. Akawu ya ci gaba da magana.

"Ka faɗi ko wane ne, a aika wa iyalinsa, mu ba ka kuɗinka. In ba haka ba, fanshon ma tsayawa zai yi."

Gudaji ya ce a ba shi kwana biyu. Ba kuɗin ne ya dame shi ba. Rahamatu ce, matar Cindo, wadda duk ranar kasuwa take tsayawa a tasha tana duba fuskokin masu sauka. Tsoro ya kama shi, don da hannunsa ya ba mijinta abin da ya buɗe masa hanya.

Da ya sauka daga mota, tana nan inda ta saba tsayawa, da ƙwaryar nono a ka.

"Malam, sannu da hanya. Ko an ji wani labari a Gumel?"

Ya matso kusa da ita.

"Rahamatu, sauke ƙwaryar nan tukuna."