Sunan Mijin da Na Ƙaga

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe ne, wata ranar Laraba. Na riƙe lokacin domin a zamanin ba na fara sabon shafi sai na duba agogo na rubuta ƙarfe nawa a samansa. A wannan shafin na yi ƙaryata ta farko, kuma ko ƙwayar hatsi ban samu da ita ba.

Bari in gaya muku wadda nake kafin ranar. Shekarata goma sha tara, ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Tanout. Mahaifina kafinta ne, shi yake gyara bencinan majami'armu in sun karye. Ba ni da surutu. In aka yi baƙi a gida sai in gaishe su kaina a ƙasa, in shige ɗaki da littafi. Malamai sukan ɗaga littafin rubutuna su nuna wa ƴan aji, babu goge-goge, babu layin da ya karkace. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Na faɗi haka ne don ku san ba sai mai ƙiriniya ne yake zama ɓarawo ba.

A shekarar damina ta yi gardama, rumbuna suka ƙare da wuri. Ikilisiyoyin wajen Maradi da Damagaram suka haɗa hatsi suka aiko mana a mota. Fasto ya tsaya ranar Lahadi ya ce za a raba wa duk mai bukata, kuma kada wanda ya tambayi kowa addininsa. Mama Rahila, matarsa, ita aka ɗora wa aikin. Ta nemi masu taimako na sa kai, ta ce da ni, "Ke mai hannun zinariya, ke za ki riƙe mana rajista."

Da farko mutane ba su zo ba. Ana ta raɗe-raɗi a gari. Wasu sun ce ba a ba da hatsi a banza, sai an sa mutum ya shiga majami'a. Wasu sun ce sunayen da ake rubutawa za a aika da su wata ƙasa. Wanda ya kashe maganar shi ne Baba Ilu, maƙwabcinmu mai amalanken jaki, Musulmi ne da ba ya rasa jam'i. Ya ce da mutanen unguwa, "Shekara ashirin katanga ɗaya ke tsakanina da mutanen nan. In akwai wani abu a cikin hatsin, ni zan fara ci." Ya zo ya zauna a bakin sito, Mama Rahila ta danƙa masa makulli. Da mata suka ga rawaninsa a wurin, sai layi ya kama tun daga ƙofa har gindin dogonyaro.

Aikina shi ne in rubuta sunan mace, sunan mijinta, ƙauyensu da yawan ƴaƴanta, ta dangwala yatsa, in ba ta kati. Wurin sunan miji nan ne ake shan dariya. Matan ƙauye ba sa kama sunan maigida, balle matan Fulani na ruga, su ko ɗan fari ba sa ambata. In na tambaya sai mace ta ja mayafi ta rufe baki, ta bayanta ta taɓa ta.

"Ke Hansatu, faɗa mata sunan tsohon naki mana, ko so kike ki kwana da yunwa?"

"Faɗa mata ke, tunda bakinki ba shi da ƙofa."

Sai maƙwabciyar ta faɗa, ni kuma in rubuta. Haka muke yi kullum.

Ranar Larabar nan wata Bafillatana ta zo ita kaɗai daga wata ruga ta bayan Gangara. Babu wadda ta san ta a layin. Na tambaye ta sunan mijinta, ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, ta juya fuska. Rana ta yi zafi, mata suna ta tsaki a baya. Da na bar wurin babu komai, da ba wanda zai ce mini kanzil. Amma ni ba na iya ganin gurbi a shafina. Na rubuta Jaɓɓi Umaru, sunan da ya faɗo mini a rai. Ta dangwala, ta karɓi buhunta ta tafi. Da yamma Mama Rahila ta duba shafin ta ce, "Madalla, ɗiyata, komai tsaf."

Abin ya ba ni mamaki fiye da tsoro. Na ga duk abin da na rubuta shi ne gaskiya a wurinsu.

Kuskurena na biyu shi ne na ba Talatu labari. Talatu mai sayar da abinci ce a bakin tasha, ta girme ni sosai, a gidanta wasu makiyaya suke sauka ranar kasuwa. Ita kaɗai nake sakewa da ita don tana sa ni dariya. Da ta ji, ta tafa hannu ta ce, "Ke shiru-shiru! In kin iya haifar miji da bik ɗin rubutunki, ai kin iya haifar matarsa."

Na ce Allah ya kiyaye. Ta ce, "To zauna. Littafin nan na tambayoyin jarrabawa da kike ta yi mini kukansa, sama zai faɗo miki?"

Kwana huɗu na yi ina juya maganar. A na biyar na rubuta wata mace da babu ita a duniya, na ba ta miji da ƴaƴa uku, na dangwala ƙaramin yatsana. Na ce da Baba Ilu, "Baba, wannan ta ruga ce, ba ta iya ɗauka ba. A kai mata masaukinsu, gidan Talatu." Ya ce, "To, ƴata." Ya ɗora ya kai. Mako bai zagayo ba littafin ya zo hannuna, sabo, yana ƙamshin takarda.

Daga ɗaya sai uku, daga uku sai goma sha ɗaya. Bayan littafi sai ƙamus, bayan ƙamus sai wayar hannu da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Nakan ce wa kaina buhu ɗaya a cikin sito ba ya nuna. Amma akwai ranar da wata mata ta iso a makare, da goyo da kansa yake lilo a bayanta. Ni da bakina na ce mata kati ya ƙare, alhali uku na ƙarya suna cikin littafina. Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "To, Allah ya kai mu wani jiƙon," ta juya. Har yau ban san abin da ya faru da yaron ba.

Buhunanmu suna da layin shuɗin fenti a gefe. Talatu takan juye hatsin a wani buhu kafin ta sayar, amma wata rana ta yi ganganci. Wani ɗan majami'armu ya ga buhu biyu masu shuɗin layi a rumfar mai awo. Kafin la'asar kowa ya ji.

Daga nan wurin aikin ya lalace. Masu auna hatsi suka fara kallon hannun juna. In biyu suna magana na uku ya matso sai su yi shiru. Mai shara ta daina shiga sito ita kaɗai, sai ta kira shaida. An zargi direban da ya kawo kayan, an zargi mai gadi, har na ji wata tana raɗa cewa a duba ɗakin girkin Fasto. Ni kuwa ina zaune a teburina ina ja layi da rula, ba wanda ya ko kalle ni. Sannu a hankali duk idanu suka taru a kan mutum ɗaya. Shi ke da makulli, kuma an sha ganin amalankensa yana shiga lungu da kaya.

Aka yi zama a gindin dogonyaro. Wani dattijon ikilisiya ya ce, "Malam Ilu, ina kake kai buhunan?"

"Gidan Talatu, na matan ruga."

"Wa ya ce ka kai?"

"Abin da ke cikin takarda ne. Ni ba karatun boko na yi ba, ga mai rubutun nan."

Aka ce in kawo rajista. Na buɗe musu. Sunaye goma sha ɗaya, kowace da mijinta da yatsanta. Aka kira Talatu, ta rantse buhu huɗu kaɗai suka taɓa shiga gidanta. Wani daga baya ya ce, "Dama mun faɗa, makullin ikilisiya a hannun bare!" Mama Rahila ta tsawata masa, amma maganar ta riga ta fita. Baba Ilu ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya tafi bai kaɗa jakinsa ba, sai da aka kai masa.

Wani mai zafin kai ya kai ƙara wurin jandarma, aka tsare tsohon kwana biyu kafin ƴaƴansa su karɓo shi. A masallacinsu aka ce da shi, "Ba mun gaya maka ba? Sun yi aiki da kai, sun laƙa maka sata." Layin mata ya ragu. Ni ina ganin wannan duka, ina cin tuwo, ina karatun jarrabawa.

Mama Rahila ce ba ta yarda ba. Ta kira Talatu ta ce, "Ba zan kira dattijo ɓarawo ba sai na ga ɗaya daga cikin matan nan ta ce ba ta samu rabonta ba. Talatu, ai baƙinki ne. Kawo mini ɗaya."

Talatu ta samo wata ƴar uwarta daga Falanko, doguwa, fara, tana jin Fillanci kaɗan-kaɗan. Muka yi mata kitso, muka ɗaura mata zane baƙi, muka ɗora mata ƙwarya. Ni na ɗauki nauyin koya mata. Na zaunar da ita kamar mai shirin jarrabawa: sunanki kaza, mijinki kaza, rugarku kaza, ƴaƴanki uku, ga sunayensu. Na yi ta tambayarta har ta daina tuntuɓe. Ban bar gurbi ko ɗaya ba.

Ranar zaman, Mama Rahila ta ba ta ruwa, ta tambaye ta shanu da hanya. Matar ta ce ita ko ƙwaya ba ta gani ba. Dattawa suka girgiza kai. Mama Rahila ta jawo rajista, ta ce kamar ba da wata manufa ba, "Bari in duba ko ke ce. Sunan maigidanki?"

"Bello Sambo," in ji ta, da ƙarfi, kanta a ɗage.

"Ɗan farinki fa?"

"Hamadu."

Wata tsohuwa cikin masu jiran awo ta kama haɓa ta ce, "La ilaha! Wace irin Bafillatana ce wannan?"

Mama Rahila ta rufe littafin a hankali. Ta ce, "Tun ina amarya nake sayen nono wurin matan ruga, ban taɓa jin wadda ta kama sunan mijinta a gaban maza ba. Baiwar Allah, wa ya koya miki karatun nan?"

Matar ta waiwayo ta dube ni.

Ban gudu ba, ban yi musu ba. Da aka gwada yatsuna da na cikin littafin, duka sha ɗayan nawa ne. Fasto ya so a gama maganar a gida, amma ƙara ta riga ta shiga hannun hukuma. Aka yanke mini wata takwas a kaso, Talatu shekara guda. Ranar da ƴan ajinmu suka shiga jarrabawa ina wankin bargo a tsakar gidan yari. Mahaifina bai iya zuwa ba sai sau biyu, kuma duk biyun ƙasa yake kallo. Mama Rahila tana zuwa duk ranar Asabar da fura, ta yi mini addu'a, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fito, na tsaya gaban ikilisiya na faɗi abin da na yi, na roƙi gafarar Ubangiji da tasu. Yanzu shara nake yi a wurin rabon, ba a ba ni bik ba, ban kuma nema ba.

Ƙannena, musamman ku da ake yabo da natsuwa, ku ji ni. In an yarda da ku har ba a duba bayanku, ku ne ya kamata ku fi kowa tsoron kanku. Abin da ba ku sani ba ku bar wurinsa babu komai, ku ce ba ku sani ba. Wanda ya ji ƙaramar ƙaryarku ya yi muku tafi, ku rabu da shi tun ranar. Kuma kada ku ce kayan taimako ba na kowa ba ne. Na wata ne da ke tafe a ƙasa da goyo, ba ta iso ba tukuna.

Baba Ilu bai koma aikin ba, duk da Fasto da dattawa sun je har zaurensa sun ba shi haƙuri. Ni ma na je. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini?" Ya tambaye ni lafiyar mahaifina. Na koma bayan mako, ya yi mini zancen tsadar dusa. A zuwa na uku na tarar yana ɗinkin linzamin jaki. Na sake tambaya, na ce ba zan tashi ba sai na ji.

Ya daɗe yana jan zare kafin ya ɗago.

"Na yafe miki tun kina kaso, ƴata. Kwana biyun da na yi a tsare, babu wanda ban zarga ba, har Fasto, har ɗan cikina. Ke kaɗai ce ba ki zo mini a rai ba. Yanzu kuwa, in yarinya mai kunya ta durƙusa ta gaishe ni, hannunta nake fara dubawa. Wannan ne ban san wanda zai cire mini shi ba."