Yadda Inna ta yi shiru a gidan Yaya

A unguwar Gobarau mahaifiyarmu, Inna, ta raine mu ni da yayana bayan rasuwar mahaifinmu. Ban taɓa ganin ta ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. In ka yi rashin kunya gaban baƙo ba ta tanka maka. Sai ya tafi ta kira ka ɗaki, ta sa ka maimaita abin da ka faɗa, sannan ta tambaye ka ko za ka so a faɗa maka haka. In ta aike ka da tuwo gidan tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, kana dawowa za ta ce, "Ƙafar tata hwa, da sauƙi?" In ba ka sani ba, komawa za ka yi ka tambayo.

Yaya ya samu babban aiki, ya yi gida a hanyar Batagarawa. Da ciwon gwiwa ya matsa wa Inna, sai ya ɗauke ta ya kai ta can, ya ce za ta fi samun kulawa.

Wata Asabar na je duba ta. Muna zaune a falo ta dubi babbar 'yar Yaya, wadda ta kusa gama firamare, ta ce, "Tahi ki ɗauko mani buta."

Yarinyar ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta shiga ɗingishi irin na Inna tana kwaikwayon maganarta tana cewa, "Tahi! Tahi! Lahiya lau!" Ƙannenta suka fashe da dariya. Na juya ina jiran uban ya tsawata. Sai na ga shi ma dariyar yake yi har da hawaye, ya zaro waya ya ce ta sake ya ɗauka.

Na ce, "Yaya, wannan fa ba daidai ba ne."

Ya ce, "Haba ke kuwa, wasan jika da kaka ne."

Na san wasan jika da kaka. A wannan wasan kaka ramawa take yi, a yi dariya tare da ita. Inna kuwa ƙasa kawai take kallo. Butar ma ba a kawo ba, ni na tashi na ɗauko. Kafin in isa gida ya tura wa dangi hoton bidiyon a waya, wasu har suna yaba wayon yarinyar.

Daga ranar Inna ta rage magana a gidan. Daga "to" sai "na gode". Ta daina aiken kowa. Bango take dafawa ta je ta ɗebo ruwan alwalarta da kanta. Matar da a da in ta fara hira har tuwo ya huce!

Da na sake komawa duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, maida ni gida."

A cikin keke napep na fara faɗa a kan yaran, ta katse ni. "Ba su da laihi. Abin da suka ga yana ba ubansu dariya, shi suke yi."

A ɗakinta na Gobarau ta rasu da damina ta zagayo. Yaya ya yi kuka sosai, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Amma har yau bai taɓa tayar da maganar waccan Asabar ɗin ba.

Da Sallar bana na je gaishe shi. Ya zaunar da ni yana ƙorafi: babbar ba ta gaishe shi da safe, in ya yi magana tana amsawa ne ido a kan waya, ƙananan ma sun ɗauka. Ya ce yaran zamani ne, sun lalace. Ya tambaye ni wace Islamiyya ce ta fi iya tarbiyya, ya biya ko nawa ne.

Na faɗa masa sunan wata a Ƙofar Sauri. Matarsa ta ce in tsaya a zubo abinci, na ce na ƙoshi, na ɗauki mayafina.