Goron da Na Raba da Sunan Hamidu

Yau shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai ƙanina Hamidu makwancinsa. Waɗanda suka yi masa ta'aziyya a rubuce sun kira shi da sunayen da aiki ya ba shi: tsohon jakada, tsohon mai ba fadar shugaban ƙasa shawara kan harkokin waje. Ni dillalin shanu ne, ban iya irin wannan kirarin ba. Abin da zan faɗa a nan laifi ne nawa, wanda ya kusa kai shi inda ba a dawowa, da kuma yadda ya ɗauki laifin.

A Briqueterie, unguwar Hausawa a babban birnin ƙasarmu, aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu fatauci ne ya kawo shi daga arewacin Najeriya, ya zauna, ya rasu a nan. Da aka matsa wa unguwa kowane gida ya ba da yaro a lekol, wato makarantar boko, Hamidu aka bayar, domin ni na riga na fara bin Baba kasuwa. Ya haɗa allo da boko, ya tafi ƙasar Faransa, ya dawo da kwat. Larabcinsa ya kai shi ofishin jakadancinmu a wata ƙasar Larabawa, Hausarsa ta kai shi teburin ƙasashe maƙwabta, haƙurinsa ya kai shi fada. Ya taɓa ce mini aikinsa da nawa duk ɗaya ne: kada ka bar mai saye da mai sayarwa su yi magana da zafi, ka ja wannan gefe, ka ja wancan gefe, har a sallama. Na ce masa bambancin shi ne ni ina samun la'ada.

Amma akwai abin da kwat ba ta rufe masa ba. A idon wasu abokan aikinsa, Bahaushe baƙo ne ko da a nan aka binne cibiyar kakansa. Kullum ana jiran ranar da zai nuna cewa zuciyarsa tana ƙetaren iyaka. Matasan yau ba za su gane zamanin ba. A lokacin shugaban ƙasa na farko, mutum yakan fita sallar asuba iyalinsa su yi shekara suna tambaya a hankali. Ba a kiran sunan wasu ofisoshi, sai dai a ce "can". A kowace majalisa akwai wanda ke shan shayi da ku da yamma, ya kai rahoto da safe, kuma ba ka san ko wane ne ba.

A shekarar da ake zaman doya da manja tsakanin ƙasarmu da Najeriya kan maganar iyaka, Hamidu na cikin 'yan ƙalilan da ke shirya abin da za a faɗa idan an zauna. Wannan ban sani ba, domin ba ya kawo aiki gida. Ni kuwa a lokacin, ban da dillanci a karar Etoudi, kasuwarmu ta shanu, ni fatoma ne: fatake na sauka a gidana, in ba su ɗaki, in nemo musu kasuwa. Wata Laraba wani tsohon baƙona mai sayen fata, Alhaji Bawa, ya sauka da saƙo. Ɗan ƙanin babanmu, Sa'idu, wanda ya zama babba a gwamnatin Najeriya, ya aiko wa Hamidu tsaraba: riga aska takwas ta farar shadda, da turare, da farin goro ƙwarya biyu.

Na yi abin da kowane babban wa zai yi. Na karɓa a madadin ƙanina. Rigar na ba Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye masa. Goro kuwa a al'adarmu ba a ɓoye shi, rabawa ake yi don a taya mutum godiya. Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallacin unguwa, ina miƙa wa kowa ina cewa, "Daga Alhaji Sa'idu, ya aiko wa ɗan'uwansa Hamidu, a sa albarka." Har daɗi nake ji, duniya ta ga danginmu ba su manta da mu ba.

Washegari bayan azahar Hamidu ya zo. Ba a motar ofis ba, a tasi, kuma ya sauka tun daga bakin titi ya tako. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya ce, "Yaya, goron nan, akwai saura?"

Na ce, "Ko ɗaya. Ka makara, mai girma Ekselans."

Bai yi dariya ba. "Ka faɗi sunan wanda ya aiko?"

"Na faɗa mana. Ana cin goro ba a san wanda za a gode wa ba?"

"Da nawa sunan?"

"To na wa zan faɗa, na liman?"

Ya gyara zama a tabarma. Sannan ya gaya mini cewa Sa'idu na cikin waɗanda za su zauna a ɗaya gefen teburin, kuma saura kwana kaɗan a zauna. Duk wanda ya ji labari daga waje, abin da zai ji shi ne: mutumin Najeriya ya aiko wa mai ba shugaba shawara kyauta, an karɓa, an ci. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar nan ni ne a ƙasa, yaron ne a kan rimi.

Sai kaina na dillali ya fara aiki. Na ce mu ce tsarabar tawa ce, tsakanina da Sa'idu. Ya ce sahu nawa ne suka ji na kira sunansa? Ya ce mutanen "can", ofishin da ba a kiran sunansa, ba goro ne zai dame su ba, ƙarya suke jira, domin ita ce za ta zama shaida. Sai ya ce, "Zan roƙe ka abu biyu, Yaya. Ka bi ni can ranar Litinin mu faɗa da bakinmu kafin a aiko. Sannan ka mayar da kayan, ka kuma sanar a inda ka raba. In ka ce a'a, ba zan tsallake maganarka ba. Sai dai ka riƙe mini yara."

Inna tana jinmu daga tsakar gida. Ta ce, "Mayar da hannun kyauta baya? Ɗan ƙanin ubanku? Ku bari in mutu tukuna." Hamidu kuwa ni yake kallo. Na san abin da zan rasa. Fatoma da ya mayar wa baƙonsa saƙo ya gama fatomanci. Amma na san wani abu daga kara: idan saniyarka tana ɗingishi, ka faɗa kafin mai saye ya gani. Wanda ya faɗa ya rage kuɗi ne kawai, wanda aka kama ya rasa kasuwa. Na ce masa Allah ya kai mu Litinin.

Ginin ba shi da allo a ƙofa. Tun a mashiga aka raba mu, shi aka hau da shi sama, ni aka ajiye ni a benci da rigar a cinyata. Daga hantsi har la'asar ba wanda ya ce mini kanzil. Da aka kira ni, na tarar da wani jami'i ɗan kudu da tafinta, wani Bafulatani mai jin Hausa. Takarda na gaban jami'in tun kafin in buɗe baki. Ya karanto mini sunayen mutanen da suka karɓi goro, bi da bi, har da wanda ya karɓi biyu ya ce ɗaya na matarsa ne. A nan na san rahoto ya riga mu zuwa, kuma wanda ya rubuta shi ya ci goron.

Ya sa aka shimfiɗa rigar a tebur, ya ɗauki reza ya bi aikin wuyan yana farkewa, wai yana neman takarda. Aikin wata da watanni ya koma zare. Bai sami komai ba. Ya tambaye ni sau uku, ta fuska uku, me Sa'idu ya ce a gaya wa Hamidu. Na ce gaisuwa. Ya ce don me na raba a bainar jama'a? Na ce wa tafinta, "Gaya wa yallaɓai, ni ɗan kasuwa ne, na ga yadda ake karɓar toshiyar baki. Ba a taɓa kai ta ƙofar masallaci a yi shela ba. Wauta na yi, kuma wautar tawa ce, yaron nan bai ma san an kawo ba." Jami'in ya rubuta. Ya tura mini rigar ya ce a mayar, kuma zai ji in an mayar.

Gab da magariba Hamidu ya sauko. Leɓensa ya bushe. A tasi, da muka kai unguwar Madagascar, ya ce, "Ka yi la'asar?" Na ce a'a. Ya ce shi ma.

Telolin unguwa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma tabon reza ba ya ɓoyuwa a farar shadda. Na sayi goro na cika ƙwarya biyu, na haɗa na ba Alhaji Bawa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ni zan kai wa mutum riga a yage?" Na ce shi ya kawo. Ranar Juma'a na miƙe a inda na tsaya makon jiya, na ce goron da aka ci ni na raba ba da sanin Hamidu ba, bai karɓa ba, kuma an mayar. Alhaji Bawa ya koma wajen wani fatoma, wasu suka bi shi. Sa'idu bai sake aiko da ko gaisuwa ba har ya rasu. Har yau ban sani ba ko zumunci ne ya sa ya aiko, ko kuwa ya san abin da yake yi.

Ba a kama Hamidu ba. An cire shi daga maganar iyaka, aka tura shi jakada wata ƙasa mai nisa da sanyi, inda ƙasarmu ba ta da wata hulɗa ta a zo a gani. A takarda ƙarin girma ne. Shekara shida ya yi. A ta huɗu Inna ta rasu, kuma izinin tahowa bai fito ba sai bayan sadakar arba'in. Bayan mulki ya canja hannu an sake nemansa, ya koma ba da shawara, ya zauna a teburori da yawa, har ya yi ritaya ya koma ɗan gidansa na unguwar Cité Verte. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma kunya ta hana ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Manya na karɓar mota da gida, a ɗauki hoto a sa a waya, ba wanda ke zama a benci. Ba na kewar tsoron wancan zamani, Allah kada ya maimaita. Amma da tsoron ya tafi, da alama ya tafi da kunya. Da ya ga yaranmu suna zagin maƙwabta a waya kan abin da ba su san tushensa ba, na san zai ce magana zarar bunu ce, kuma ƙasa ba ta canja maƙwabci kamar yadda ake canja rumfa. Ina jin kuma zai yi murna ya ga jikokinmu a ofisoshi ba wanda ke tambayarsu can ko nan, ko da yake har yanzu akan tambaya, sai dai da murmushi.

Ranar sadakar ukunsa wani tsoho ya matso kusa da ni. Ban gane shi ba sai da ya ce shi ne tafintan nan. Ya ce akwai abin da ya riƙe shekaru. A ranar, a sama, an ajiye wa Hamidu takarda: ya sa hannu cewa yayansa ne ke kai saƙo tsakanin fataken Najeriya da manyan ƙasar, shi kuma ya koma fada gobe kamar ba a yi komai ba. Sau biyu ana kawo masa ita. Ya ce musu yayansa ya yi kuskure irin na mutumin kirki, kuma bai iya rubuta abin da bai faru ba.

Lambobin yabonsa suna cikin wani gwangwani a ɗakin matarsa. Takardun da ya rubuta suna inda ba zan taɓa gani ba, ko titi ɗaya ba a sa wa sunansa ba. In ana neman abin da ya bari, a zo karar Etoudi, a tambayi tsohon dillalin da ya aurar da 'ya'yansa tara da hannunsa, ya binne uwarsa da hannunsa, ya tsufa a gidansa. Da Hamidu ya sa hannu a takardar nan, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba zai faru ba. Shekarun da na yi a wajen kurkuku shi ya biya su, bai kuma taɓa bari na san farashin ba.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da Inna a inda ba a neman izinin tafiya.