Ƴar Farin da Ban Rubuta ba

Ban taɓa mantawa da Talatar da muka sauka a wani ƙauye na ƙasar Guna ba, ana saura ƴan shekaru a sami mulkin kai. Lokacin ina ƙaramin anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, ba ni da komai sai sartifikar lakwal, ta gama firamare. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin wani bincike kan sabuwar ƙwayar maganin kuturta. Mu uku ke fita: lokotoro, wato likitanmu, nasara da ba ya jin Hausa; majo, wato shugaban anfirmiyoyi, baƙo daga bakin teku mai Hausar kasuwa; sai ni mai riƙon kaye, babban littafin sunaye.

Ga yadda aikin yake. Duk mai cutar da aka rubuta, sai a jera ƴaƴansa ƙarƙashin sunansa. Kowane wata uku a duba yaran: a rufe musu ido, a shafa auduga a fata. In an sami tabon da ba ya jin taɓi, a fara ba da ƙwaya tun cutar ba ta kai yatsu ba. Abin da ake son sani shi ne ko saurin kamawa yana hana nakasa. Dokar ta ce ƴaƴan ciki kaɗai, kuma sai uwa ko uba sun faɗa da bakinsu. Kafin ranar an kama wani ma'aikaci ya cusa ƴaƴan ƙanensa, lokotoro ya ce duk sunan da na ƙara don kaina, a bakin aikina.

Da hantsi wata mata mai cutar, mai suna Hajo, ta iso gaban tebur da yara uku. Ta faɗi sunan ƙananan biyu. Babbar, mai kamar shekara tara, tana maƙale a bayanta. Majo ya tambayi sunanta, Hajo ta kau da kai. Ya tambaya ko ƴarta ce, har sau uku. A na ukun ta ce, "Ta mutanen gida ce."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ya faru. Ƴar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta cewa nata ne, balle a bainar jama'a. Matan da ke layi ma dariya suka yi wa majo, wata tsohuwa ta ce sunan yarinyar Zara, kuma in yana da ido ya dubi goshinsu. Na yi masa bayani da Faransanci. Ya ce shi abin da bakin uwa ya faɗa ya ji, ya juya ya gaya wa lokotoro cewa matar ta musa. Lokotoro ya dubi agogo, ya ce a kira na gaba.

Na sunkuya na ce, "Inna, don Allah ki ce taki ce. Kalma ɗaya."

Ta saci kallon tsohuwar nan, ta ce, "Malam, kai ma ɗan ƙasa ne. A gaban surukata?"

Alƙalami yana hannuna. Da na rubuta, gaskiya zan rubuta. Amma na tuna za a bi kayen layi-layi in mun koma Damagaram, na tuna kora, har na riƙa tambayar kaina ko rubuta abin da ba a faɗa ba cin amana ne. Ina cikin wannan saƙe-saƙen majo ya miƙa wa Hajo takardar yara biyu. Layin Zara ya zauna fari.

Duk zuwan da muka yi bayan nan nakan tambayi labarin Zara. An ce ta koma wurin kakarta ta wajen uwa a Damagaram Takaya, inda motarmu ba ta zuwa. Sau biyu na rubuta wa lokotoro takardar roƙon a saka sunanta, sau biyu na yage ta don tsoron kurakuran Faransancina.

Bayan samun mulkin kai aka mayar da ni Kara-Kara, unguwar masu cutar, ina raba ƙwaya. Wata safiya sai ga Hajo ta jawo budurwa da hannu. Yatsu biyu na hannun daman budurwar sun riga sun lanƙwashe. Ban tambaye ta komai ba. Ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji, ta ce, "Tawa ce. Zara. Rubuta."

Na rubuta. Ƙannenta biyu kuwa lafiya lau suke. Ɗayan an kama tabonsa da wuri.

Daga baya na nemi tsohon kayen na bi shi. Gida bayan gida, inda mace ce mai cutar, babban yaro babu. Da wannan littafin aka rubuta rahoton da aka aika Faransa, aka yaba, majo ya sami ƙarin girma. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa matan Damagaram suke fara haihuwa da ɗa na biyu.

Har yau raina yana ɓaci da lokotoro da majo, amma su baƙi ne. Ni ne na sani na yi shiru. Ku da kuke fita da takardun bincike yanzu, wanda ya tsara tambayoyin nan bai taɓa zama ƙauyenku ba. In uwa ta kau da kai, ku tambayi matar da ke kusa da ita, ku rubuta, in ya so a kira ku ofis.