Gaisuwar Baffa a ƙofar ɗakin Inna

Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya fara shan wiwi tun kafin a haife ni. Idan aka wanke rigarsa aka zubar da ruwan, kajin gidanmu sai su yini suna tangaɗi. Da can acaba yake yi tsakanin Roni da Kazaure, har ranar da ya kai fasinja kasuwar Gwiwa ya manta babur ɗin, ya dawo gida a mota. Daga nan ya zauna, yana tari kamar tsohon injin niƙa, yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar.

Abu guda bai manta ba: kullum da safe sai ya tsugunna a ƙofar ɗakin kakarmu ya gaishe ta. Abin da ya manta shi ne ta rasu. Da shi aka ɗauki makararta.

Ni kuwa na iya muryarta. Wata Asabar na lallaɓa na ɓuya bayan labule.

"Inna, ina kwana?"

Na shaƙe murya. "Lafiya lau, ɗan nema. Yaushe rabonka da wanka?"

Sai ga Baffa da bokiti! Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ran Lahadi na sa shi aski. Mako uku ina mulkinsa.

A Asabar ta huɗu, da ya gaisar, bai tashi daga tsugunen ba. Ya matso da bakinsa jikin labule, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, mutanen cikin bangon nan sun dawo. Ki ce su daina kiran sunana."

Na yaye labulen na fito.

"Baffa, ni ce. Ni nake amsa maka. Inna ta rasu."

Ya dube ni da jajayen idanunsa, ko gezau bai yi ba.

"Ja can, 'yar banza. Na san muryarki mana. Taki ta Asabar da Lahadi ce. Sauran ranakun ita ke amsawa."

Na gaya wa Baba komai. Ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya ce za a kai Baffa asibiti.

Ran Litinin ina fita makaranta na tarar da shi a tsugunne gaban kwaɗon. Ya gaisar, ya saurara, yana gyaɗa kai.

"To, Inna. To, zan gaya mata."

Ya juyo gare ni.

"Ta ce ki daina shigar mata ɗaki."